Anzhela Balakhonova: Macen Da Ta Fara Zama Zakarar Gasar Turai Ta Fili A Tsallen Sanda

A filin tarihi na wannan karo mun ɗan ajiye zancen farashin dabbobi da na hatsi, mun ɗauko labarin wata mata daga ƙasa mai nisa. In ka ji rabin shirin a cikin mota ko a bakin rijiya, sauran ya wuce ka, to ga shi a rubuce.

Sunanta Anzhela Balakhonova, 'yar ƙasar Yukren, an haife ta ranar 18 ga Disamba, 1972. Sunan yana da nauyi a baki, saboda haka sai mu riƙa ce mata Anjela. Sana'arta tsallen sanda. Mutum zai ɗauki doguwar sanda, ya sheƙo a guje, ya kafa kanta a wani ɗan rami, sandar ta cilla shi sama, ya tsallake wani kara da aka gitta a kan ginshiƙai biyu, sannan ya faɗo kan katifa. Anjela ta taɓa tsallake mita 4 da santimita 55. Kai da ka san raƙumi, ka san daga ƙasa zuwa tozonsa ya kai wajen mita 2. To ka ɗora raƙumi a kan raƙumi, ka ƙara kamu guda a sama. Nan ta bi ta wuce.

A shekarar 1998 babu macen da ta fi ta a duk nahiyar Turai. Yau kuwa, ko cikin masu bin labarin wasanni, ba kowa ne zai iya kawo sunanta ba. Yadda aka yi suna ya tashi haka, ya kuma kwanta haka, shi ne abin da za mu bi.

Asalin abin, sandar makiyayi ce

Kada ka ɗauka wasan 'yan birni ne tun farko. A tsibiran Kanari, waɗanda ke cikin teku daura da gaɓar Maroko, makiyayan awaki sun daɗe suna yawo da doguwar sanda mai tsinin ƙarfe. Ƙasarsu duwatsu ce da kwazazzabai. In akuya ta gangara inda ƙafa ba ta zuwa, sai makiyayi ya kafa sandar a ƙasa, ya sulalo a jikinta. Har gobe ana koya wa matasa wannan a can, suna kuma kiransa tsallen makiyayi. A arewacin ƙasar Holan kuma, inda gonaki ke kewaye da magudanan ruwa, manoma da sanda suke tsallake ruwa, don gada ta yi musu nisa.

Daga baya ne aka juya abin, aka daina neman nisa, aka koma neman bisa. Da aka buɗe gasar Olamfik ta zamani a birnin Atens a 1896, tsallen sanda yana cikin wasannin, amma na maza kaɗai. Da farko sandar itace ce mai nauyi. Sai aka koma gora, sai ƙarfe, sannan wajen 1960 sandar zaren gilashi ta karɓe fili. Wannan ita ce ta canja komai, domin tana lanƙwasa kamar baka. Ƙarfin gudun da mutum ya zo da shi yana shiga cikin sandar, in ta miƙe sai ta mayar masa da shi, ta wurga shi sama ƙafafu a gaba, kai a ƙasa.

Ƙa'idar wasan tana kama da ciniki. A kowane mataki na tsawo kana da damar gwadawa sau 3. Ka kayar da karan sau 3 a jere, ka fita. Kana da ikon ƙin tsalle a ƙananan matakai don ka adana ƙarfinka, kamar mai shanu da ya ƙi tayin safe yana jiran na yamma. Amma fa in ka fara daga sama ka kasa, to ba ka da komai a rubuce, ko da ka fi kowa gwaninta. In kuma mutum biyu suka tsaya a tsawo ɗaya, sai a duba wanda ya fi ƙarancin kuskure a ba shi. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Iyaka ta zo ta same ta a gida

Lokacin da aka haifi Anjela, Yukren ba ƙasa ba ce mai cin gashin kanta. Yanki ce cikin Tarayyar Sobiyet, fasfo ɗaya da Rasha, kuɗi ɗaya, tuta ɗaya. Gwamnatin Sobiyet ta ɗauki wasanni da muhimmanci ƙwarai: akwai makarantun horar da yara tun suna ƙanana, akwai masu horarwa da ke cin albashin hukuma. Ranar 24 ga Agusta, 1991, Yukren ta ayyana 'yancinta, kafin ƙarshen shekarar kuma tarayyar ta wargaje. Anjela tana da shekara 18 a lokacin. Ba ta yi ƙaura ba, amma ta wayi gari da sabuwar ƙasa, sabuwar tuta, da iyakoki a inda da babu. Mazauna bakin iyaka ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Shekarun da suka biyo baya sun yi tsanani. Kuɗin wucin gadi da aka buga ya zube warwas, a 1993 kaɗai farashin kaya ya ninka wajen sau 100. Sai a watan Satumba na 1996 aka fito da kuɗin ƙasar na dindindin, mai suna hiribniya. Malaman makaranta da injiniyoyi da yawa sun ajiye aiki, sun ɗauki manyan jakunkuna, suna zirga-zirga zuwa Polan da Turkiyya su saro kaya su dawo su sayar a kasuwa. Masu horar da 'yan wasa da dama sun tafi neman abinci a ƙetare. A irin wannan hali ne Anjela ta shiga wani wasa da ko lambar Olamfik babu a cikinsa ga mata. Sanda kuwa ba ta da araha, kuma ɗan wasa ba guda ɗaya yake riƙewa ba, yakan tafi da da yawa, wata ta fi wata tauri. Kowace ta wuce mita 4 a tsawo. Ka yi tunanin ratsa tashar jirgi da shingen kwastan da irin wannan kaya.

Abu ɗaya dai Yukren take da shi: ta san sanda. Ɗanta ne Sergey Bubka, wanda aka haifa a Luhansk a 1963, ya yi horo a Donetsk. Shi ne mutum na farko da ya tsallake mita 6, a birnin Paris a 1985. Ya kafa tarihin duniya sau 35, ya ci gasar duniya sau 6 a jere, daga 1983 zuwa 1997. Wannan ya zame wa Anjela alheri, ya kuma zame mata inuwa. Ilimin wasan yana nan a gida, amma duk wanda ya ji an ce sanda da Yukren, Bubka yake tunawa.

Shekara 104 mata suna waje

Me ya hana mata? Shugabannin wasanni sun daɗe suna cewa wai hannu da kafaɗar mace ba za su ɗauke ta ba, wai kuma akwai haɗari. Sai a shekarun 1990 aka fara lissafa bajintarsu a hukumance. Tarihin duniya na farko da aka amince da shi na wata 'yar ƙasar Sin ne, Sun Caiyun, mita 4.05, a 1992.

Da yake babu makarantar da ta raini yarinya a kan sanda, waɗanda suka fara kowace daga wata sana'a ta fito. Daniela Bartova ta ƙasar Cek 'yar wasan alkafura ce, har ta je Olamfik ta 1992 a wannan fanni. Emma George ta Ostareliya tun tana yarinya take wasan lilo a kan igiya a gaban 'yan kallo. Stacy Dragila ta Amurka 'yar karkara ce, ta tashi cikin dabbobi, har tana shiga gasar masu kiwo da hawan doki. Su ne sa'o'in Anjela, su ne abokan karawarta. Babu wanda ya gabace su balle ya gaya musu iyakar abin da mace za ta iya. Saboda haka tarihin duniya ya riƙa sauya hannu kamar kuɗi ranar kasuwa: wannan ta ƙara santimita ɗaya yau, waccan ta ƙara biyu jibi.

Shekarar Anjela

A Turai, in sanyi ya yi tsanani, a cikin rufaffen zaure ake yin wasanni. A farkon watan Maris na 1998 aka kammala gasar Turai ta cikin zaure a birnin Balensiya na ƙasar Sifaniya. Anjela, tana da shekara 25, ta tsallake mita 4.45. Ta ɗauki lambar zinare, ta bar Bartova da Vala Flosadottir ta ƙasar Aislan a baya. Ba wannan kaɗai ba: babu macen da ta taɓa kai wannan tsawo a cikin zaure a duk duniya. Ta kafa tarihi ke nan.

To amma ka ji yadda zamanin yake. Tarihin nan bai yi ko wata ɗaya a hannunta ba. Kafin Maris ya ƙare, Emma George ta kai 4.55 a can Ostareliya.

A watan Agusta na wannan shekara aka yi babbar gasar Turai ta fili a Budafes, babban birnin Hungari. An fara wannan gasa tun 1934, amma sai a wannan karo aka sa tsallen sanda na mata. Mata uku suka tsaya a mita 4.31: Anjela, da Jamusawa biyu, Nicole Rieger da Yvonne Buschbaum. Babu wadda ta iya wuce nan. Ka tuna ƙa'idar da muka ce ka riƙe? Aka koma takarda aka ƙirga kuskure, aka ga Anjela ce ta fi tsabtar aiki. Ta haka ta zama mace ta farko da ta ci wannan lamba a tarihin gasar. Ba da ƙarin tsawo ta ci ba, da rashin ɓarna ta ci. Duk ɗan kasuwa ya san akwai ribar da ba daga tsadar sayarwa take zuwa ba, daga kayan da bai bari sun lalace a hanya ba ne.

Ba ita kaɗai ce 'yar Yukren da ta yi irin wannan shigar farko ba. Shekara biyu kafin nan, a Olamfik ta Atlanta ta 1996, wadda ita ce ta bazara ta farko da Yukren ta je da tutarta, Inessa Kravets ta ci zinare a tsalle mai taki uku, shi ma karon farko da aka bai wa mata. Ƙasar tana cikin talauci, amma duk ƙofar da aka buɗe wa mata, sai ka tarar da 'yarta a bakin ƙofar.

Santimita biyar a Sebiya

A watan Agusta na 1999 aka yi gasar duniya a Sebiya, a kudancin Sifaniya, aka kuma sa tsallen sanda na mata karo na farko a gasar duniya ta fili. Ko a nan ba a daidaita su da sauran ba, domin rabin kuɗin kyautar da ake ba zakarun sauran wasanni aka ware musu, wai wasan nasu sabo ne.

Aka yi ta ɗaga kara, mata suna ta zubewa, har ya rage saura biyu: Anjela da Stacy Dragila. Anjela ta tsallake 4.55. Aka kai kara 4.60, daidai da tarihin duniya da Emma George ta kafa a farkon shekarar. Dragila ta wuce, Anjela ta kasa. Santimita 5 ne tsakaninsu, wato faɗin yatsu uku. Da faɗin yatsu ukun nan ɗaya ta zama zakarar duniya ta farko, ɗaya ta koma gida da azurfa.

Ka dubi kuma wadda ta zo ta uku, Tatiana Grigorieva. A Leningrad aka haife ta, cikin Tarayyar Sobiyet, amma ta yi ƙaura, tutar Ostareliya aka ɗaga mata. Wato cikin mata ukun da suka hau dandamali, biyu ƙasa ɗaya aka haife su, ga shi kowace da tutarta daban, ita kuwa ƙasar da ta haife su babu ita a taswira.

Kasuwa ta tashi ta bar ta

A shekarar 2000, a birnin Sidni, mata suka yi tsallen sanda a Olamfik karon farko, shekara 104 bayan maza. Anjela ta je a matsayin ta biyu a duniya, ana sa mata rai. Ta kai zagayen ƙarshe, amma ta dawo ba lamba. Dragila ta ci zinare da 4.60, Grigorieva azurfa, Flosadottir tagulla. Su biyun nan na baya duk Anjela ta taɓa kayar da su a babbar gasa. Haka wasan yake, ba ya duba abin da ka yi bara. Shi kansa Bubka, a Olamfik ta Basalona ta 1992, yana riƙe da tarihin duniya ya kasa tsallake ko mataki ɗaya.

Nan ne fa suna ya rabu. Duniya ba ta cika kallon wannan wasa ba sai ranar Olamfik. Hotunan da suka zaga duniya daga Sidni na waɗancan ukun ne. Anjela ta yi nata lokacin a 1998 da 1999, kafin taron ya cika.

Ba ta ajiye sanda ba. Bayan shekara 4, tana da shekara 31, ta sake kai zagayen ƙarshe a Olamfik ta Atens ta 2004. Ta tsallake 4.40, ta yi kunnen doki a matsayi na 6. Ka lura da lissafin nan da kyau: abin da ta yi a Atens ya fi wanda ya ba ta zinare a Budafes da santimita 9. Ba ita ce ta koma baya ba. Yara ne suka taso waɗanda tun suna 'yan mata aka damƙa musu sanda. Wadda ta ci ranar, Yelena Isinbayeva ta Rasha, shekararta 22, ta tsallake 4.91. Dragila ma, mai riƙe da kambun, ko zagayen ƙarshe ba ta kai ba. A 2005 Isinbayeva ta zama mace ta farko da ta tsallake mita 5, a birnin Landan, a 2009 kuma ta kai 5.06. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Me ya rage?

Tsallen sanda wasa ne da kusan kowa da faɗuwa yake gamawa. Ko wanda ya ci, yakan sa a ƙara masa tsawo har sai ya kayar da kara. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Ba 'yan wasa kaɗai ba, har filin wasan. Daga 1990 Bubka ya riƙa shirya gasar manyan masu tsallen sanda a Donetsk. A nan Isinbayeva ta kafa tarihi sau da yawa. A nan kuma, ranar 15 ga Fabrairu, 2014, Bafaranshe Renaud Lavillenie ya tsallake 6.16, ya karya tarihin Bubka, Bubka yana zaune yana kallo. Bayan 'yan makonni yaƙi ya ɓarke a yankin, gasar ba ta sake dawowa ba. A 2022 yaƙin ya faɗaɗa, har ya taɓa farashin alkama da taki a kasuwannin da kake ci.

To in tsawo ana wuce shi, in fili ana rasa shi, me ya rage wa Anjela? Abin da ya rage shi ne wanda ba a iya karɓewa. Tarihin tsawo aro ne, wata za ta zo ta amsa. Amma duk wanda ya buɗe jerin zakarun gasar Turai ta fili na tsallen sanda na mata, layin farko 1998 ne, sunan da ke wurin kuma nata ne, ko shekara nawa aka ƙara a ƙasa. Akwai kuma wanda ya fi wannan. An ce mace ba za ta iya ba. Ita da sa'o'inta ba su tsaya musu da baki ba, sun yi ta tsalle ne a gaban alƙalai da ma'auni, cikin rabin lada, har maganar ta mutu. Yarinyar da ta ɗauki sanda yau ba ta bukatar ta fara roƙon a bar ta.

Kai da ke bin burtali da garke, ko kake ratsa iyaka da kaya, ka san hanyar da kake bi wani ne ya fara tsaga ta, lokacin da babu rijiya a kanta, babu masauki. Mai yiwuwa dabbobinka sun fi nasa yawa, motarka ta fi jakinsa sauri. Wannan bai sa ka fi shi ba, kuma da wuya ka san sunansa. Ta wannan wasa dai, yau ka san sunan ɗaya daga cikinsu: Anzhela Balakhonova, mita 4.45 a Balensiya, 4.31 a Budafes, 4.55 a Sebiya.

Sai mun haɗu a fili na gaba. Masu kan hanya, a sauka lafiya.